Zinarin Da Ke Bakin Zare

Daga Shu'aibu mai rijiya, Unguwar Kaɗe, ƙasar Tsafe, zuwa ga jikata Sa'adatu a Gusau.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida uwarki da ƙannenki. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Bayan haka, tun shekarar da dalma ta ɗebe yara a ƙasar Anka da Bukkuyum ban sake jin an haɗa zinari da ruwan sha a magana ɗaya ba, sai a takardarki. Ke matata 'yar boko, duk karatun nan da kika yi, kin manta mijinki ajami kaɗai ya sani? Da can waya ce, ki kira, in yi miki faɗa, a kashe. Yanzu da aka yanke layi a duk Zamfara, sai ga Isah direba ya miƙo min takarda da rubutun da ban san kansa ba balle ƙafarsa. Na kai wa Garba mai shago. Kin san Garba, ba ya karatu sai da muryar mai shela, ga ƙofar shagon cike da samari, don kasuwannin mako a rufe suke, ba su da abin yi sai zama. Ya karanta gaisuwa lafiya lau. Da ya kai inda kika ce za ki zo da wani zare mai zinari a baki ki tsoma a rijiyar Bawa, daga nan ba wanda ya saurari sauran. Ni kaina ban ji ƙarshenta ba.

Kafin la'asar maganar ta zama jikar Shu'aibu za ta kawo na'urar neman zinari. Kafin magariba an ce kin riga kin zo a ɓoye kin gani. Washegari da idona na ga wata mata tana tace ruwan gugarta da gefen mayafi, tana leƙa abin da ya rage.

Ki saurara in gaya miki mi ce ce wagga rijiya, tunda a jami'a ba a koya muku ba. Ubana Bawa ya gina ta shekarar da fari suka cinye gero, ina yaro ina karɓar kwandon ƙasa. Ranar da ruwa ya ɓullo ya ce sadaka ce, ya kuma bar min magana biyu da zai rasu: kada a rufe ta, kada a hana kowa. A babban farin da shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, rijiyoyin ƙauyukan nan duk sun ƙafe, ita ba ta ƙafe ba. Na san gidan da ya sayi kowace igiya da aka taɓa ɗaura mata. Da ruwanta aka yi wa ubanki wankan haihuwa, da shi aka yi masa na ƙarshe, Allah Ya jiƙansa. Ruwan nan bai taɓa cutar da ko akuya ba.

A cikin gaisuwar kin tambayi A'isha ɗiyar baffanki Hamza. Haƙora ne da zazzaɓin damina, ana ba ta magani.

Kada ki zo da zarenki. In ke kaɗai ce, ga ɗanyar masara tana jiranki. Ki huta lafiya.

Kakanki, Shu'aibu.

* * *

Daga Sa'adatu, Gusau, zuwa ga Kaka Malam Shu'aibu.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida mutanen gida baki ɗaya. Umma ta ce a gaishe ka, ta ce ka rage zama a rana.

Kaka, ka gafarce ni. Laifina ne, ban yi tunanin wanda zai karanta maka ba. Ga shi wannan karon na rubuta da ajami, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, rabona da shi tun ina makarantar allo.

Zaren nan ba ya neman zinari, ba ya ma iya ganinsa. Na gilashi ne, siriri kamar izgar doki, haske yake bi ta cikinsa kamar yadda ruwa yake bin bututu. A ɗakin gwajinmu muna kankare bakinsa, mu jera masa ƙwayoyin zinari ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Da za ka kai wa maƙerin zinari duk abin da ke jikin zaren, hura shi zai yi ya ce ina abin yake. Amfaninsa ɗaya ne. Idan haske ya iso kan ƙwayoyin, akwai launin da suke shanyewa, kullum shi ɗin ne. A kansu kuma mun shafa wani sinadari da ke damƙe dalma. In akwai dalma a ruwa, komai ƙanƙantarta, sai ta maƙale, launin ya ɗan gusa, kwamfuta ta nuna mana. Ka san mai goge, ko ƙuda ya sauka a kan izgar yana jin amon ya sauya. To haka ne.

Ba na zargin rijiyar Bawa, ni ma ruwanta na sha na girma. Amma ranar da na je duba A'isha a asibitin Tsafe na ga yadda take sanƙarewa, idanunta suna juyewa. A gadon kusa da ita akwai yarinyar gidan Liman, an ce kuma an sallami wata daga gidan maƙera. Gida uku, tukunya daban, maganin sauro daban, abin da ya haɗa su guga ɗaya ce. Likitan ya ce gwajin jinin da zai nuna dalma ba a yin sa a wurinsu, sai an tura nesa, ga hanya yadda take. Ni kuwa ruwa cikin kwalba ɗaya ya ishe ni.

Tunda zuwana zai ƙara wa maganar wuta, na fasa. Na ba Isah kwalba sabuwa a rufe. Ka cika ta da hannunka, ka ba shi, ba wanda zai sani. In ruwan ya fito fes, ni zan fi kowa murna, kuma zan zo in ci masarar har da taka.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, angona mai taurin kai.

Jikarka, Sa'adatu.

* * *

Daga Shu'aibu zuwa ga ƙanwata Lantana, Kwatarkwashi, ƙasar Bungudu.

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da ɗiyanki da jikoki. Yaya ƙafar? Allah Ya sawwaƙe.

Lantana, na rasa inda zan sa kaina. In na zamna gida sai in ji kamar ana kirana bakin rijiya, in na je bakin rijiya sai in kasa zama. Tuwo ma a tsaye nika cin shi.

Isah ya ba ki labarin takardar jikarki, na sani, don bakinsa ya fi motarsa gudu. To abin ya wuce dariya. Samari sun fara gina ramuka a gonar gyaɗar da ke gabas da rijiya, mai gonar yana kuka suna ce masa za a raba da shi. Na je na tsaya a kansu na kira kowa da sunan kakansa, sun sunkuyar da kai, ina juya baya suka ci gaba. Ranar Talata wasu baƙi biyu suka tsaya da babur, fuskoki ban san su ba, ni da na san duk wanda aka haifa tsakanin nan da titi. Suka nemi ruwa, na ba su, don Baba ya ce kada a hana kowa. Babban ya sha, ya daɗe yana kallon cikin rijiyar, sannan ya ce:

"Baba, gaba nawa ne zurfinta?"

Na ce masa zurfin ƙishirwa. Bai yi dariya ba. Kin san irin mutanen da ke bin sunan zinari a ƙasar nan, da irin waɗanda ke biyo bayansu. Ba sai na rubuta ba.

Ita kuma 'yar bokon ta aiko min da kwalba wai in cika in mayar. Ta rubuto da wani ajami kamar kaza ta taka tawada, wai zinarin yana bakin zarenta, wai haske ne ke shan launi. Na mayar da kwalbar yadda ta zo. In na ba da ruwan, na yarda kenan ana tuhumar Baba. In ta ce ta ga wani abu kuma, masu farar riga za su zo da siminti su rufe, yadda aka ce an yi a wasu garuruwa waccan shekarar. Mi zan ce wa Baba ranar da muka haɗu?

Ke tana jin maganarki. Ki aika mata ta bar zancen nan. Sannan ki daure ki zo ki duba A'isha, an maido ta gida amma ba ta gane uwarta sosai. Hamza ya rame, ba ya haɗa ido da ni, na san damuwar ɗiyar ce.

Sai na gan ki. Yayanki, Shu'aibu.

* * *

Daga Lantana zuwa ga Yaya Shu'aibu.

Wa'alaikumus salam. Na iso gida lafiya, ƙafa ta kumbura amma ba ita ta hana ni barci ba. Na gode da gyaɗa.

Yaya, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Butar da ka ga na cika da zan tafi, na ce ta alwala ce a hanya, ban yi alwala da ita ba. Ban sauka Kwatarkwashi ba, na zarce Gusau, na hau keke napep na kai wa Sa'adatu har ɗakin aikinsu. Ta ce buta ba kwalbar gwaji ba ce, na ce sabuwa ce, ranar na saye ta, ta karɓa. Kada ka ce sata na yi. Bawa ubana ne kamar yadda yake ubanka, kuma ina tsaye a bakin ƙofa ranar da ya ce kada a hana kowa. Bai ce sai jikarka ba. Kai da ka ba baƙin babur ruwa, ka hana ɗiyar ɗanka cikin kwalba?

Na ga zaren da idona. Sai da ta ɗora shi a baƙin ƙyalle sannan na gane akwai abu a wurin. Na ce ina zinarin, ta nuna min bakinsa, na ce wallahi ɗan kunnen roba ya fi wannan daraja. A kan wanga abu garinku ke gina ramuka.

Saura magana ta biyu, ita ce mai nauyi. Kai kullum idonka yana cikin rijiya, ba ka kallon bayanta. Da na zaga bayan katangar Hamza, wadda ta jingina da kwamin shayar da dabbobi, na ga laka mai toka-toka tana bin hanyar ruwa har gindin rijiya, inda dutsen bakinta ya tsage. A ɗakin da yake cewa na buhunan taki ne akwai turmi, ba na hatsi ba, cikinsa ya yi fari. Na matsa wa matarsa, ta yi ta kuka, ta ce tun farkon damina yake karɓo duwatsun zinari daga wani abokinsa na yamma, yana dakawa yana wankewa a kwami in ka tafi masallaci. Tunda an hana haƙa, a ɓoye ake yi. Ta ce a ɗakin nan A'isha take rarrafe.

Ban faɗa maka a can ba don na san hannunka da sanda. Ka huce tukuna. Yaron nan ya fi ka shan wuya, ya sani, tsoro ne ya rufe masa baki.

Allah Ya ba ka haƙuri. Ƙanwarka, Lantana.

* * *

Daga Sa'adatu zuwa ga Kaka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan wannan ta same ka cikin sauƙi.

Kaka, na gwada. Na fara da ruwan da muka tabbatar ba komai a cikinsa, launin ya tsaya inda yake. Na tsoma a ruwan butar Inna Lantana, ya gusa. Na ce ko zaren ne ya lalace, na ɗauko sabo, ya sake gusawa. Na kira malamin da ke duba aikina ya yi da hannunsa ba tare da na gaya masa ruwan ina ne ba, ya ɗago kai ya tambaye ni ko akwai masu shan wannan. Akwai dalma, kuma ta wuce abin da ya kamata yaro ya sha nesa ba kusa ba. Zarenmu sabon aiki ne, don haka mun aika sauran ruwan inda ake da babbar na'ura su tabbatar, amma ba zan jira amsarsu ina kallon yara suna sha ba.

Na so ƙwarai in rubuto maka cewa na yi kuskure. Na zauna a gaban kwamfutar ina tuna yadda kake ɗaga ni in leƙa in ga fuskata a ƙasa.

Inna ta gaya min abin da ta gani. In haka ne, ba daga ƙasan rijiyar dalmar ta fito ba, daga sama ta shiga. Kuma ƙurar ɗakin ta fi ruwan haɗari, a fitar da A'isha daga gidan yau, a kawo ta Gusau, na yi magana da wata likita. Kada a share ɗakin da tsintsiya, ƙurar tashi za ta yi. Tafasa ruwan ba ya fitar da dalma.

Ka sanar da mutane su daina sha. Ka faɗa musu dalma ce, kowa ya san sunanta, za su ji tsoro su bari, har masu ramukan ma. In ni na faɗa ba za su yarda ba. Kai za su yarda.

Ka yafe min. Jikarka, Sa'adatu.

* * *

Daga Shu'aibu zuwa ga Sa'adatu.

Wa'alaikumus salam. Takardarki da ta Lantana sun iso a hannu ɗaya. A'isha da uwarta suna cikin motar da za ta kawo miki wagga, ki kai su wurin likitar nan.

Kin ce in faɗi dalma su ji tsoro. Na gwada a kan Liman, mutum mai hankali, wanda ɗiyarsa ma ta kwanta. Na ja shi gefe bayan azahar na faɗa masa. Ya yi salati, sannan ya rage murya ya ce:

"To ashe gaskiya ne, Malam Shu'aibu. Ai ba a samun dalma sai inda zinari yake."

Kin ji? Abin da waccan shekarar ta koya wa mutanenmu kenan. Kun koya musu dutsen zinari yana tafe da dalma, sun riƙe, sun juya ta. In na tsaya na ce akwai dalma a rijiya na yi shiru, kafin Juma'a za su shiga cikinta da diga, baƙin babur kuma su dawo da 'yan uwansu. In ban faɗa ba, yara su ci gaba da sha. Tun azahar nika zagaya rijiyar nan, mata suna ɗiba suna gaishe ni, na ce wa kowace ta zubar ta je famfon makaranta, suna ganin tsufa ne ya taɓa ni.

Hanya ɗaya ta rage, sai an ga inda dalmar ta fito, an kuma ji sunan wanda ya kawo ta. Na shiga ɗakin Hamza. Ban ɗauki sanda ba, ki gaya wa Lantana. Ya durƙusa, na ce ya tashi, durƙuso ba ya wanke ruwa. Na ce gobe ko ya ɗauko turmin da kansa ko in jawo shi ni da wanga ƙugu nawa. Ya ce zai ɗauko. Ya san abin da zai iya biyo baya daga hukuma, ni ma na sani.

Ke kuma ki zo, da zarenki. Ki ɗora shi a baƙin ƙyalle a ƙofar shagon Garba, kowa ya leƙa ya ga zinarin da aka ɓata gonar gyaɗa dominsa. Ki tsoma a famfon makaranta su san abin da za su sha. Sannan ki gaya min gaskiya, in an kwashe lakar, an gyara tsagar, an yashe rijiyar har ƙasa, ko haskenki zai koma inda yake. Na yashe ta sau da yawa, na san wa zan sa ya shiga. In kin ce ba zai koma ba, kada ki rubuto, ki faɗa min baki da baki.

Baba ya bar min magana biyu, gobe zan karya su duka a rana ɗaya. Bayan sallar asuba, kafin mace ta farko ta iso da tulu, zan kwance igiyar da hannuna, in ɗora ƙyauren ɗakina a bakin rijiyar, in zamna a kai. Hamza zai aje turmin a gabana. Duk wadda ta zo zan kira ta da sunan uwarta, in gaya mata Shu'aibu ɗan Bawa ne ya hana ta ruwa, in nuna mata dalili.

Ajaminki ya ɗan gyaru. Ki taho da wuri, masarar ta fara bushewa.

Kakanki, Shu'aibu.